Naushi a Tabkin Bourget

Lahadi, 11 ga Disamba 2011

Da na dawo daga kasuwa na tarar da abin rataye bayan ƙofar banɗaki yana ɗiga. Wani ɗan baƙin ƙyalle, ko wuƙata ba zai isa in goge da shi ba. Na ɗauko shi da yatsa biyu na kai wa matata Kadidiatou a madafa, na ce na wane ne. Ta ce mayo ne, rigar iyo, na Hamdiya, ai na san tana zuwa pisin, ginannen wurin iyon nan, da ƴan lakwal ɗinsu, wato makaranta. Pisin na sani. Amma ruwan pisin warin magani yake, wannan kuwa ƙarnin tabki ne, da laka da ciyawar ruwa. Ni za a ɓoye wa ƙarnin tabki? Ubana Basarke ne, tun daga Gaya ya taso da komarsa zuwa Tabkin Chadi, a tsibiri aka yanke mini cibiya, yau kuma gyaran kifi nake a kasuwar Lyon.

Hamdiya. A baki ba na kiran sunan nan, ƴar fari ce, "ke" nake cewa ko "yarinyar nan". Takarda ba ta san kunya ba, a nan zan rubuta shi.

Na kira ta. Ba ta ma yi ƙarya ba, wannan ya fi ba ni haushi. Wai ƙawarta Claire tana da kaka, wani tsoho Alain, shi da ƴan ƙungiyarsa duk Lahadi suna shiga Tabkin Bourget kusa da Aix, cikin hunturu. Tun Oktoba take bin su, ni ina can ina kankare kifi. Ba kamun kifi suke ba, ba wanki ba, ba jirgi ne ya kife da su ba. Nishaɗi, wai. Shekararta sha bakwai, ta tsaya a gabana tana ce mini in ta fito daga ruwan ji take kamar an sake ta sabuwa.

Na ɗauki almakashin madafa na yayyanka mayon a kan teburi tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Uwarta ce ta yi.

Laraba, 14 ga Disamba

Gidan shiru. Kadidiatou ta ce na yi yawa, yarinya ta iya iyo fiye da duk ƴan ajinsu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce mata Youssouf ma ya iya iyo.

Ta san labarin, amma ji ta yi, ni gani na yi. Wana Youssouf, wanda kan nutsa ya kwance koma daga kututture ya fito yana dariya. Wani fasinja ya faɗa daga jirgi, Youssouf ya bi shi. Babanmu ya sha gaya mana: wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Kada ka bari hannunsa ya kai wuyanka. Ka fara buge shi ya sume, sannan ka jawo shi, in ya farfaɗo ya zage ka a tudu. Youssouf mai tausayi ne, bai buga ba. Da aka tsamo su a ƙanƙame suke da juna, sai da babanmu ya karya wa mutumin yatsu kafin ya raba shi da wuyan ɗansa. Har yau in ina ɓalle kan kifi nakan ji ƙarar nan.

Lahadi, 18 ga Disamba

Na kulle ƙofa na tafi kasuwa da makulli. Uwa da ɗiya duka suna ciki. In gobara ta tashi fa, in ji Kadidiatou. Ba ta tashi ba.

Juma'a, 30 ga Disamba

Hamdiya tana so ta kwana gidan su Claire gobe, bikin sabuwar shekara. Ba ta tambaye ni ba, uwarta ta aiko. Na yarda don in huta da fuskokinsu. Na ce ban da tabki. Kadidiatou ta ce to, tana kallon tukunya.

Talata, 3 ga Janairu 2012

Jiya da yamma jandarma suka sake ni. Haƙarƙarina na hagu ba ya barina in yi sujada daidai. Zan rubuta yadda abin ya faru tun ban soma jin na mutane ya shiga kaina ba.

Lahadi da safe na ga Kadidiatou tana ta duban agogo. Na matsa mata. Ashe ta saya wa yarinyar wani mayon, ashe ranar ɗaya ga wata ce babbar ranarsu, wankan sabuwar shekara, da tsakar rana. Na jefar da kofin shayi ya fashe a bango, na fita. Duk tafiyar jirgin ƙasa a tsaye na yi ta, na kasa zama. Ba zan ɓoye ba, da fushi na tafi.

Tabkin babba ne, ban zaci haka ba. Ruwa toka-toka, duwatsu sun kewaye shi da ƙanƙara a kansu. A bakin gaɓa jama'a kamar ranar kasuwa, masu busa da ganguna, ana dafa wani abu a babbar tukunya yana tururi. Tsofaffi tsirara sai ɗan kamfai, tumbi ja wur kamar an feɗe su, da jajayen huluna masu tuntu. Wata tsohuwa da kunnuwan zomo a kanta. Allah mai halitta. Aka busa usur, suka ruga cikin ruwa suna ihu.

Ba wuyar ganinta, ita kaɗai ce baƙa a cikinsu. Ta wuce su, ta yi gaba. Sai na ga ta tsaya, kai ya koma baya, baki a buɗe, numfashi na fizga, hannaye na dukan ruwa. Na san wannan fuskar. Wallahi na san ta. Ban cire ko takalmi ba, da babbar rigar sanyina na faɗa. Da na kusa sai ta juyo ta miƙo mini hannu, daidai wuyana.

Na buga. Gefen muƙamuƙi na nufa kamar yadda aka koya mana, ta motsa kai, ya sauka a hanci. Na ji abin ya ba da a ƙarƙashin yatsuna. Jini ya bazu a kan ruwa. Ta yi laushi, na riƙo haɓarta na jawo ta.

Ban gama ajiye ta a kan tsakuwa ba suka rufe ni. Wani ya shure ni a haƙarƙari, wani ya shaƙe ni ta baya. Na sa kai na fasa wa ɗaya leɓe, na ciji wani a hannu, ɗanɗanon jininsa da ruwan tabki suka haɗu a bakina. Ina ta cewa ɗiyata ce, ɗiyata ce, ashe wannan ya ƙara tunzura su. Mai kunnuwan zomon nan ta tofa mini yawu. A ƙarshe wani tsoho mai faɗin kafaɗa ya zauna a ƙirjina ya danne hannuwana, yana hana sauran dukana. Daga baya na ji shi ne Alain.

Suka naɗe Hamdiya da wata takarda mai ƙyalli suka sa ta a motar asibiti. Idonta biyu. Ba ta dubi inda nake ba.

Jandarma tambaya ɗaya suka yi ta juyawa: don mayo na buge ta? Na ce ceto na yi, haka ake yi a garinmu. Ɗayansu ya ce ruwan wurin iya ƙirjinta ne, ƙafarta na ƙasa. Na ce masa mutum na mutuwa a ruwa iya gwiwa, ya je ya tambayi masunta. Ya rubuta, bai ɗago kai ba.

Alhamis, 5 ga Janairu

Hanci ya karye, haƙori ɗaya na gaba ya gutsure. An sallame ta, amma ba nan ta zo ba. Alƙalin yara ya yarda ta zauna wurin yayata Fatou a Stains, can gefen Paris, har a ga abin da hali ya yi. Ina iya ganinta in Yaya na wurin. Shari'ata kuma sai bazara.

Kadidiatou ta haɗa mata kaya, ta raka ta tasha. Da ta dawo ta ajiye mini abinci ta koma madafa ta ci nata a tsaye. Tun da na fito magana ɗaya ta yi mini: "Malam, ka ga fuskarta kuwa?"

Na ceci ɗiyata. Kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Juma'a, 13 ga Janairu

Bayan sallar Juma'a, Kamalu ɗan Chadin nan mai sayar da katin waya ya tare ni a gaban mutane ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce labari ya zaga unguwarmu Minguettes, na burge shi, da iyaye na yin haka da ƴaƴanmu mata ba su lalace a ƙasar nan ba. Ya ce yarinyar da ta tuɓe a gaban arna hanci ɗaya kaɗan ne.

Ban san lokacin da na ci kwalarsa ba. Na maka shi a jikin wata mota har ƙararrawarta ta tashi, na ƙara maka shi, hularsa ta faɗa cikin kwata. Mutum uku suka ɓanɓare ni. Liman ya ce Illiassou, ka ji tsoron Allah, da alwalarka. Na tafi ban ba kowa haƙuri ba.

Nasara sun ce don mayo na buge ta, suna zagina. Namu sun ce don mayo na buge ta, suna yabona. Zagin ya fi mini sauƙi.

Asabar, 21 ga Janairu

Na je Stains. Na biya ta unguwar Belleville a Paris na sayi dabino mai taushi, don haƙorin. Yaya Fatou ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo wadda ba lafiya a cikinta, sannan ta ce in zauna can, kusa da taga, ita kuma ta zauna a tsakani kamar mai raba awaki.

Hamdiya ta fito. Kumburin ya saɓe, amma ƙarƙashin idanunta har yanzu shuɗi da rawaya, hancin ya ɗan karkata. Hancin uwata ne da ita. Na kasa kallo, na koma kallon dabinon.

Na yi mata bayani tun daga Youssouf. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ta san labarin Baffa Youssouf, ta san dokar Kaka, kuma ta yarda na tsorata. Ta ce kowa numfashinsa na ɗaukewa in ya shiga ruwan sanyi, ɗan lokaci ne ya wuce, ita ta saba. Muryarta ta canja saboda hancin.

"Amma Baba, na yi maka magana. Na miƙo hannu na ce ça va, Baba, lafiya lau nike. Ka dube ni cikin ido. Ka ji ni."

Na ce ban ji komai ba, ana ta busa da ihu.

"Ka ji ni," ta sake cewa. "Tunda nike ba ka taɓa kiran sunana ba, ba ka taɓa shafa kaina ba, Gwaggo ta ce kunya ce ta ƴar fari, d'accord. Rana ɗaya da hannunka ya taɓa fuskata, ga shi nan. Ni ba zan koma Lyon ba sai ka faɗi gaskiya."

Na miƙe tsaye. Ban yi niyyar komai ba, Allah ya sani, miƙewa kawai na yi. Ta ja da baya har ta bugi firiji, ta kare fuska da hannu biyu. Yaya Fatou ta ɗauko muciya ta tsaya a gabana, ita da ko kafaɗata ba ta kai ba, ta ce in na ƙara taku ɗaya za ta fasa mini kai ta kira jandarma da kanta. Ta ce zuciyar babanmu na ɗauko kaf, ban bar wa kowa ba.

A jirgin dawowa na ga dabinon na hannuna. Ban ma ba ta ba.

Litinin, 23 ga Janairu

Ban ji ta ba. Ana ta busa.

Asabar, 4 ga Fabrairu

Sanyi ya sauko irin wanda tsofaffin garin nan suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ruwan wanke teburi na daskarewa kafin ya kai ƙasa. Ƙanƙarar kifi ta haɗe ta zama dutse, maigidan da nake wa aiki ya ce in fasa. Na ɗauki guduma na yi ta duka, na fasa ƙanƙarar, na fasa akwatin, na ci gaba da dukan teburin. Wata mai sayayya ta ja yaronta ta bar layi. Wani tsinin ƙanƙara ya tsaga mini tafin hannu, ban lura ba sai da na ga jini a kan kifi. Maigida ya karɓe gudumar a hankali, ya ce in je gida in huta.

Kadidiatou ta ɗaure mini hannun ba ta tambayi komai ba. Yanzu a ɗakin Hamdiya take kwana.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Tsohon nan Alain ya zo kasuwa. Ya tsaya a layi kamar kowa, ya sayi kifi biyu, ya ce in gyara masa. Wuƙa na hannuna, shi kuma yana ta magana, ko a jikinsa. Wai tsohon ɗan kwana-kwana ne, ya tsamo mutane da yawa daga ruwa, ya san mai nutsewa na iya kashe mai cetonsa. Ya gaya wa jandarma cewa ya ga tsoro a fuskata lokacin da na faɗa ruwa. Amma ya kuma gaya musu yarinyar ba ta nutsewa, don shi yana kusa da ita.

Na ce masa ni a cikin ruwa aka haife ni. Ya ce ruwan ɗumi. Na nuna masa hannuna, na ce cikin ƙanƙara suke wuni. Ya ce hannu daban, ƙirji daban, ranar kuwa da rigar sanyi na shiga kuma jinina na tafasa, ban san abin da ta ji ba. Ya ce duk Lahadi suna nan har ƙarshen Maris, in na isa in zo in tuɓe.

Kaɗan ya rage in maka masa kifin a fuska. Na naɗe masa abinsa, na ce ya gai da gida. Dattijo da furfura, yana gayyatar mutane wankan hauka.

Ya ce wurin Hamdiya a ƙungiya yana nan, suna kewarta. Har da su.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Na ga aboka, mai kare ni a shari'a. Mace ce, tana magana da sauri kamar ana korar ta. Ta ce maganata ɗaya ce daga yanzu har gaban alƙali: al'adar ceto, tsoro, hayaniya, ban ji komai ba. Kada in kuskura in ambaci fushi, ko mayon da na yanka, ko makullin. In na ce na ji yarinyar, to ba ceto ba ne kuma, duka ne, takardar zamana ma na iya shiga ciki. Na ce mata ai gaskiyar ke nan, ban ji ba. Ta ce madalla.

Da yamma na kira Stains. Yaya Fatou ta ce Hamdiya ba ta son waya. Ta ce an sa ta lakwal a can, ta soma sabawa, in ta gama shekara a nan to da wuya ta koma, don da ta cika sha takwas ba mai iya tilasta ta. Ta ce, "Illiassou, ɗiyarka na zamewa daga hannunka kana tsaye kana gardama da ita kan abin da ku biyu kuka sani." Na kashe wayar. Na buga ta a ƙasa, murfin ya tashi, na tsuguna ina neman batir a ƙarƙashin kujera kamar wawa.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tsoro. Kada in mutu a garin nan yarinyar nan tana kare fuska in ta tuna ni.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

Na ce wa maigida hannun ne ya tashi, na hau jirgi na je Aix. Don in rufe wa tsohon nan baki na je, ba don komai ba.

Yau ba busa, ba huluna. Su kaɗan ne, yawanci tsofaffi, kowa da butar shayinsa. Wanda na fasa wa leɓe yana nan, ya juya mini baya. Alain bai yi mamaki ba, ya ce in jiƙa wuya da fuska tukuna, in shiga a hankali. Na ce masa ba a koya mini shiga ruwa. Na tuɓe, na bar wando iya gwiwa, na yi bisimilla na kutsa kai tsaye har ƙirji.

Ban san yadda zan rubuta shi ba. Kamar an sa igiya an ɗaure ƙirjina an ja. Iska ta ƙi shiga. Bakina ya buɗe da kansa, kaina ya koma baya, na ji hannuwana na dukan ruwa ba da izinina ba. Ƙafata na ƙasa, ina jin tsakuwa, amma jiki ya ƙi yarda. Ni, ɗan Sarkawa. Na damƙo damtsen Alain har farcena ya shige.

Sai na ga ya ɗaga ɗaya hannun. Na tabbata naushi ne, don ni da shi zan yi. Na miƙa hannu na kare, na ce ça va, ça va, da ɗan numfashin da ya rage, muryar ko ni da kyar na ji ta. Ya sauke hannun nan take. Ya ce ya ji, in dube shi, in fitar da iska a hankali. Kafaɗata kawai yake son dafawa. Ba a daɗe ba igiyar ta saki, na tsaya da ƙafafuna ina numfashi kamar kowa, tabkin shiru har gindin duwatsu.

Tsoho ne, kunnensa ɗaya ma ba ya aiki sosai, ruwa na fantsama, ni kuma ko muryar kirki ba ni da ita. Ya ji ni.

Na fito jiki na kaɗawa, na kasa ɗaura igiyar takalmi. Mai leɓen nan ya tura mini butarsa da ƙafa, bai dube ni ba. Damtsen Alain na jini wuri huɗu, ya ce ba komai.

Da na iso gida ban cire riga ba na kira Stains. Na ce wa Yaya ta sa mata wayar a kunne ko ba za ta yi magana ba. Na ji numfashinta ta hancin nan. Na ce na shiga tabkin yau. Na ce ranar nan da fushi na zo, da tsoro na faɗa ruwa, amma da na iso gabanta ban san wanne ne a hannuna ba. Na ce na ji ta. A cikin ruwan ta ce ça va, Baba, na ji, kuma na buga.

Aboka za ta yi faɗa. Sai ta yi ta yi.

A wayar ina jin Yaya na tambayar Hamdiya mi ya faru. Sannan yarinyar ta ce in ba ta Mama. Na miƙa wa Kadidiatou, wadda ke tsaye a ƙofar madafa tun farko, ta shige ɗaki ta rufe. Na zauna a kujera, sanyin bai bar ƙashina ba har yanzu, rubutun nan ma a karkace yake.

Da ta fito ba ta gaya mini abin da suka ce ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ɗora ruwa a wuta. Ta ce yarinyar ta ce wanda ya shiga karon farko sanyin na dawo masa daga baya, a rufa mini bargo a ba ni abu mai zafi, kada a bar ni in yi wanka da ruwan zafi yanzu.

Batun dawowa ba wanda ya ɗaga. Shayin dai na sha, Kadidiatou na zaune a gefen kujerar har na shanye.